Mita Ɗaya da Rabi Tsakanin Nata'ala da Dakta

Ba Malam Nata'ala aka fara aika wa wasiƙar ba. Madam Juliana aka aika wa, domin da sunan kantinta aka yi wa motar rajista. Ran Laraba da safe yana sauke kwalayen doya a ƙofar baya ta kantin, a unguwar Woolwich da ke London, sai ta leƙo ta yafito shi da takardar da ke hannunta.

"Malam, wa ya tuƙa van ran Asabar?"

"Madam, kina da wani direban ne ban da ni?"

Madam Juliana mutuniyar Jos ce, Hausarta ba gargada, kuma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta karanta masa. 'Yan sanda ne suka rubuto. Sun ce wani mutum ya aiko musu da bidiyon farar motar kayan kantin tana wuce mai keke dab da dab, a titin da ya tashi daga Woolwich zuwa Plumstead, da ƙarfe goma saura minti ashirin na safe. Suna duba yiwuwar tuhumar direban da tuƙin ganganci. An ba ta kwana ashirin da takwas ta faɗi sunan wanda ke riƙe da sitiyari.

Nata'ala ya nemi buhun shinkafa ya zauna.

A Birtaniya, wanda ya ci jarrabawar tuƙi yana ƙarƙashin gwaji har shekara biyu. Idan ya tara maki shida na laifi a lasisinsa kafin wa'adin ya cika, sai a soke lasisin, ya koma ɗan koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta titi daga farko. Nata'ala yana da maki uku tun bara, wata kyamara ce ta kama shi yana sauri a layin da aka ƙayyade mil ashirin. Mafi ƙarancin makin da ake ba mai tuƙin ganganci uku ne. Wata biyar ya rage masa ya fita daga gwajin.

"Dole in rubuta sunanka," in ji Madam. "Ka sani ko?"

"Na sani. Rubuta."

An haife shi a Tudun Wadan Zariya, shekararsa hamsin da biyar. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, a gindin wata bishiyar darbejiya ya yi sana'arsa har ya tsufa, kuma Nata'ala ya iya faci kafin ya iya haɗa baƙi. Yana ɗan shekara ashirin ya koyi mota. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan bas ɗin ma'aikatan wata kwaleji, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Abin da aka san shi da shi a garin shi ne hon. Dannawa ɗaya tana nufin ga ni nan, matsa. Biyu a gajarce, sannu ce. Daga Tudun Wada zuwa Samaru babu mai shayin da ba ya ɗaga masa hannu.

Matarsa Zinatu nas ce. Ita ta fara samun aiki a London, ya biyo ta bayan shekara biyu. Lasisin Najeriya shekara ɗaya yake yi wa mutum aiki a nan, daga nan sai jarrabawa. Wadda ta koya masa tuƙin Ingila ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba. Sau biyu yana faɗuwa. Na farko, hon ya danna wa wata mota a shataletale. Na biyu, bai waiwaya ta kafaɗa ba kafin ya tashi daga gefen titi. A na uku ya ci, cikin watan Maris na 2023, kuma Zinatu ta ce ranar da aka ɗaura musu aure ma bai yi fara'a haka ba. Wata guda bayan nan ya fara aiki da Madam Juliana, yana kai doya da manja da garin kwaki kantuna da gidajen abinci a Peckham da Croydon.

"In aka ce in sake manna L ɗin 'yan koyo a bayan mota," in ji Nata'ala daga baya, "ban san ko zan iya ba. Kuma Madam ba za ta ajiye mota wata shida tana jirana ba. Ni ma ba zan ce ta yi ba."

Bai yi wani dogon tunani ba kafin ya tuna safiyar. Yana hawa gangaren Plumstead sai ya hango mai keke a gabansa, da riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli da hular kwano. Abin da ya ja idonsa shi ne wandon shadda da aka cusa cikin safa, sai farin gemu da iska ke kaɗawa ta gefe. Dakta Zulkiflu ne.

Dakta likita ne da ya yi ritaya, shekararsa saba'in da ɗaya, mutumin Zariya, ya fi shekara talatin a London. Shi ya je filin jirgi ya tarbi Nata'ala, shi ya kai shi wurin Madam Juliana ya ce a ba shi aiki a kan yawunsa. Nata'ala ya ji a masallaci cewa ciwon suga ya sa Dakta ya fara hawa keke, amma bai taɓa ganinsa a kai ba sai ranar.

A tarbiyyarsa, ba a wuce irin wannan mutum a hanya a yi kamar ba a gan shi ba. Ya rage gudu, ya danna hon sau biyu, ya sauke gilashin hagu. A nan direba a dama yake zama, mai keke kuma yana can hagu, don haka ya karkata motar ya matsa kusa yadda muryarsa za ta kai. Ya duƙa ta kan kujerar fasinja ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe! Barka da hantsi!"

Dakta bai waiwayo ba. Gaba kaɗan akwai ɗan tsibirin siminti a tsakiyar titi inda masu tafiya a ƙasa ke tsayawa, hanya ta matse, ga mota a bayansa. Ya taka totur ya wuce. Abin da ya dame shi duk ƙarshen makon nan shi ne rashin amsawar. Har ya tambayi Zinatu ko ta ji wani abu da ya yi wa Dakta.

Saboda haka da ya koma gida ran Larabar, hankalinsa ya ɗan kwanta. A ganinsa wani ɗan sa-ido ne ya ɗauki hoton abin da bai fahimta ba. Mai keken ba baƙo ba ne. Dakta zai rubuta layi biyu ya ce gaisuwa ce, shi ke nan.

Zinatu tana kan keken ɗinkinta, wanda take taɓawa ranakun da ba ta da aiki. Ta karanta kwafin wasiƙar sau biyu.

"Malam, sun ce mita ɗaya da rabi ake bari tsakanin mota da mai keke. Ka san tsawonsa?"

"Na ci jarrabawarsu fa. Na haddace."

"Ban ce ka karanta mini ba. Nuna mini."

Ya ware hannuwansa. Ta dube shi, ta zare tef ɗin awo daga wuyanta. Tef ɗin tela santimita ɗari da hamsin ne cif. Ta ba shi bakin ya riƙe, ta ja da baya har ya miƙe, sai da ta dangana da firij.

"Kai ne mota. Ni ce Dakta."

"Haba Zinatu! Wannan ai sai mota ta tsallaka ɗaya hannun."

"To ta tsallaka mana. In babu hanya kuma ta jira. Kai nawa ka bar masa?"

"Ai a hankali nake tafiya."

"Direban Zariya, nawa ka bar masa?"

Ta naɗe tef ɗin ta saka masa a aljihun riga.

Dokar ba tsohuwa ba ce. A watan Janairu na 2022 aka sabunta littafin ƙa'idojin hanya na ƙasar, aka rubuta cewa mai mota ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a gudun da bai haura mil talatin ba, ya ƙara tazara idan gudun ya fi haka, kuma ya tsaya a baya idan wurin ba zai ba shi wannan fili ba. Masu keke da yawa suna ɗaura kyamara a hula ko a hannun keke, kuma 'yan sanda suna karɓar bidiyon ta intanet. Abin da ke biyo baya ya danganta da abin da jami'i ya gani: wasiƙar gargaɗi, ko kwas, ko maki da tara, ko kotu.

Ran Lahadi bayan azahar Nata'ala ya sa babbar riga, ya ɗauki robar dambun nama da Zinatu ta yi, ya hau bas zuwa gidan Dakta. Suka gaisa a falo yadda aka saba, aka tambayi iyali da mutanen gida da sanyin da ya fara shigowa. Ya lura akwai filasta a tafin hannun Dakta na hagu, ya yi masa sannu, Dakta ya ce ba wani abu ba ne. Sai da aka sha shayi sannan ya fito da takardar.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar matsala ce ta same mu ni da kai. Wani ne ya ɗauke mu a bidiyo."

Dakta ya sa tabarau ya karanta. Ya kai ƙarshe, ya koma kan lambar motar. Ya cire tabarau ya dubi baƙonsa na ɗan lokaci, sannan ya juya wajen matakala.

"Ameera! Sauko."

Ameera ita ce autarsa, shekararta ashirin da tara, a London aka haife ta, aikin gashin ƙashi take yi a asibiti. Tana jin Hausa sarai, amma in magana ta yi tsawo sai ta koma Turanci. Ta rusuna ta ce, "Ina wuni, Kawu."

"Farar motar nan taki," in ji Dakta. "Ga direbanta."

Ameera ta dafe baki da hannu biyu.

Ita ta sayo wa mahaifinta keken, da sharaɗin ba zai hau babban titi ba sai tana biye da shi. Ranar Asabar ɗin tana bayansa da 'yar tazara a nata keken, da hular kwano da baƙin tabarau, da kyamara a goshin hular. Nata'ala ya wuce ta bai ko kalle ta ba. Ita kuma bayan mota kawai ta gani, farar mota ba rubutu a jiki, irin wadda ake da dubbanta a garin. Kafin la'asar ta cike fom ta tura wa 'yan sanda bidiyon.

"Ranka ya daɗe, gaishe ka fa na yi," in ji Nata'ala. "Ba ka ji ni ba?"

"Ji? Nata'ala, ni hon na ji a ƙeyata, sai na ga farin bango a kafaɗata. Na ƙanƙame keke na kama salati. Ko Sarkin Makka ne a ciki ba zan waiwaya ba." Dariya ta ƙwace masa har ya yi tari. "Ashe gaisuwa ce! To na amsa. A ƙasa na amsa."

"A ƙasa kuma?"

Uba da 'ya suka dubi juna. Nata'ala ya ce a nuna masa.

Bidiyon daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. Ameera ta ɗora wayar a kan tebur ta jingina ta da kofin shayi. Ga Dakta yana haurawa a hankali. Ga hon, sau biyu. Ga farar mota ta shigo ta dama, maimakon ta buɗe sai ta riƙa matsowa, har madubinta ya zo daidai kafaɗar tsohon, tsakaninsu bai fi tafin hannu biyu ba. Keken ya yi tangal-tangal. Motar ta ja gaba. Tayar gaban keken ta daki dakalin gefen titi, Dakta ya kife ta hagu, kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Wata jar mota ta wuce ta wurin da yake daƙiƙa biyu da suka shige. Sai ihun Ameera, sai hoton ya karkace.

Nata'ala bai ga faɗuwar ba a ranar. Idonsa yana kan tsibirin simintin.

Ya ce a maimaita. Da aka gama na biyu ya zame daga kujera ya durƙusa a kan kafet.

"Innalillahi. Da ta dama ka faɗi fa?"

"To ai ban faɗi ta dama ba. Tashi, don Allah. Ƙurjewa ce kawai, ga ta nan, ta ma fara warkewa. Ka ga na rasa wani abu?" Dakta ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma ki rubuta musu yau ɗin nan, ki ce kin janye."

"Baba, ba zan ce musu abin bai faru ba."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Cewa za ki yi ɗan'uwa ne, an sasanta a gida."

"Da ba Kawu ba ne fa? Ranar kai da kanka ka ce in tura. Ka ce direban nan sai ya kashe wani." Ta juya wajen Nata'ala. "Kawu, I'm so sorry. Wallahi ban san kai ne ba. Amma abin da na gani ke nan."

"Kin san lasisinsa za su karɓe? Kin san sau nawa ya yi jarrabawar nan?"

"Ranka ya daɗe," in ji Nata'ala daga inda yake durƙushe, "a bar ta. Kada ta janye."

Ya faɗa daga baya cewa da roƙon takarda ya shiga gidan, amma bayan ya ga bidiyon bakinsa ya ƙi furta roƙon. Mahaifinsa ya sha gyara kekunan da mota ta tankwasa, kuma ya san ba kowane mai keke ne yake zuwa karɓar nasa ba.

Abin da aka tsaya a kai shi ne Ameera za ta ƙara bayani a kan rahotonta: yanzu ta san direban, ga dalilin da ya sa ya matso, bai san an faɗi ba, kuma ya zo da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Dakta ya rubuta nasa shafi guda da irin rubutun likitoci, sai da Ameera ta sake buga shi kafin a iya karantawa. Da tasa wasiƙar ta iso, Nata'ala ya cike fom ya amsa cewa shi ne direban. Babu wanda ya san ko waɗannan takardu sun yi tasiri a kan jami'in da ya duba maganar.

Mako bakwai aka yi ana jira. Bai fasa aiki ba ko kwana ɗaya. Tef ɗin Zinatu yana gaban mota, kusa da sitiyari. Idan ya tarar da mai keke a matsattsen titi sai ya bi shi a baya a giya ta biyu, ko da layin motoci ya taru a bayansa. Yanzu shi ake danna wa hon. Wata rana ya makara da kayan wani gidan abinci a Croydon, Madam Juliana ta kira shi a fusace, ya ce mata wata tsohuwa ce a kan keke ya rako daga fitila zuwa fitila.

"Rakiya ka koma yi?" ta ce. "To, raka ta. Doya ba ta gudu."

Zinatu ta ce a makonnin nan abinci ma ba ya ci sosai. Har littafin jarrabawar rubutu ya zaro daga ƙasan akwati ya ajiye kusa da gado, ko da za a soke lasisin.

Ran wata Alhamis cikin Disamba, wajen sha biyun rana, yana titin Rye Lane a Peckham ya gama sauke jarkokin manja, wayarsa ta yi ƙara. Zinatu ce.

"Kana tuƙi?"

"A tsaye nake."

"Ka tabbata ka yi parking?"

"Zinatu, don girman Allah."

"Ta zo."

Ya ce ta buɗe. Ya ji ƙarar yaga ambulan, sannan ta yi shiru tana karantawa a zuci, shirun da ya ce ya fi mako bakwai ɗin tsawo. An ba shi zaɓi: ya halarci kwas na gyaran tuƙi cikin wa'adin da aka sa, in ya kammala ba maki, ba kotu.

"Sake karanta wurin makin."

Ta sake.

"Babu?"

"Babu, Malam. Uku ɗinka na nan yadda suke."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyari yana alhamdulillahi. Mai kantin da ya kai wa manja, wani Bayarabe, ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya fito ya rungume mutumin da ko sunansa bai sani ba. Kafin ya tayar da mota ya kira Dakta. Dakta ya ce shi ma sai yau zai ci tuwo da daɗi, domin tun ranar nan shi da Ameera gaisuwa kawai ke haɗa su. Da yamma Ameera ta zo gidan su Nata'ala da kanta ta yi masa rajistar kwas ɗin, ta ci shinkafa da miyar taushe, ta tafi da sauran a roba.

A wurin kwas ɗin su goma sha ɗaya ne. Malamin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da ya kawo kowa. Wani sauri, wani waya, wani bai ga mai keken ba sam. Da aka zo kan Nata'ala ya ce shi ya gan shi sarai, gaishe shi ya je yi. Ajin ya fashe da dariya. Malamin ya ce shekararsa tara yana wannan aiki, bai taɓa jin irinta ba.

Watan Maris ya zo ya wuce, shekara biyun ta cika. Littafin jarrabawa ya koma ƙasan akwati. Zinatu ta nemi tef ɗinta har ta gaji, ta sayi wani.

Dakta bai daina hawa keke ba, kuma hanyarsu takan haɗu ran Asabar a gangaren nan na Plumstead. Nata'ala yakan bi su a baya, shi da Ameera, har sai an wuce tsibirin siminti kuma ɗaya hannun ya zama fili. Sannan ya buɗe sosai ya wuce, ba hon, gilashi a rufe. Can gaba akwai wurin sauke kaya a ƙofar wani kantin fenti. A nan yake ajiye motar, ya fito ya tsaya a gefen titi, ya jira su iso.

Dakta ba ya son wannan tsari. Ya ce daidai inda gangaren ya fi tsauri ake tsayar da shi, in ya sauke ƙafa kuma tashi sai an tura.

"Nata'ala, ka bari mana sai Juma'a a masallaci."

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Kama mini sirdin nan ka tura."